Gyaran gashin kare

Gyaran gashin kare shi ne kula da gashi da fatar kare ta hanyar taza, da wanka, da rage gashi da almakashi ko kilifa, tare da yanke farce da share kunne. Ana yin sa a gida, ko a asibitin dabbobi, ko a wurin masu sana'ar a manyan birane. Babban amfaninsa shi ne kiyaye lafiya, domin a lokacin taza ne mai kare yake fara ganin kaska, ƙuma, ƙurji ko raunin da gashi ya rufe. Irin gyaran da kare ke buƙata ya dogara da irin gashinsa. Karen gida na ƙasar Hausa mai gajeren gashi ba ya buƙatar aski ko kaɗan. Karnukan da aka shigo da irinsu daga waje kuwa, wasu sai da aski, wasu kuma aski yana cutar da su.

Kalmomi

A Hausa, aski shi ne cire gashi har zuwa fata, kuma daga tushe guda kalmar ta fito da aska, wato wuƙar wanzami. Rage tsawon gashi ba tare da an kai ga fata ba shi ake kira saisaye, wasu kuma su ce sausaye. Yawancin abin da ake yi wa kare saisaye ne, ko da yake a maganar yau da kullum ana kiran duka biyun aski. Taza ita ce bin gashi da mataji ko matsefi. Kilifa kalmar aro ce daga Turanci, ta shigo tare da shagunan aski na zamani.

Tarihi

A Turai, askin kare ya faro ne daga aikin farauta. Karen Poodle, wanda asalinsa na ɗauko agwagwar da aka harba ne daga cikin ruwa, akan rage masa gashin baya don ya ji sauƙin iyo, a bar masa na ƙirji da na gaɓoɓi saboda sanyi. Daga baya abin ya koma ado. An yi gasar nuna karnuka ta zamani ta farko a birnin Newcastle na Ingila a 1859, aka kafa ƙungiyar Kennel Club a 1873, sannan gasar Crufts ta fara a 1891. A Amurka, Leo Wahl ya sami rajistar mallakar kilifarsa mai aiki da lantarki a 1921, kuma irin wannan na'ura ce aka inganta ta zama ta askin dabbobi.

A ƙasar Hausa an daɗe ana kiwon kare don farauta da gadi da tsaron garke. Karen gida, da karen Azawak na Buzaye da ake samu a yankin da ke tsakanin Nijar da Mali, duk gajeren gashi gare su, don haka babu al'adar yi wa kare aski. Kulawar da aka saba ita ce cire kaska da hannu. Karnuka masu yawan gashi daga waje suka zo, kuma yanzu ana samun su a gidaje da wurin masu kiwo don sayarwa a Zariya, Kaduna, Kano, Jos da Abuja.

Ire-iren gashi

Gajeren gashi mai kwanciya: irin na karen gida, Azawak da Boerboel. Buroshi sau ɗaya a mako ya wadatar.

Gashi mai hawa biyu: irin na karen makiyayan Jamus da aka fi sani da Alsatian, da Caucasian, Samoyed, Husky da Eskimo. A sama akwai dogon gashi mai kauri da ke tare rana da ruwa, a ƙarƙashinsa kuma akwai mai laushi kamar auduga wanda ke zuba lokaci-lokaci.

Gashi mai ci gaba da tsawo: irin na Poodle, Maltese, Shih Tzu da Lhasa Apso. Ba ya zuba sosai, kuma idan aka bar shi yakan cukuikuye. Wannan rukuni ne ke buƙatar saisaye, yawanci bayan mako shida zuwa takwas.

Gashi mai kaushi: irin na wasu karnukan Terrier, wanda akan tsige mataccensa da hannu.

Kowane gashi yana da lokacin tsiro, da lokacin hutu, da lokacin zuba. A karnuka masu hawa biyu lokacin hutun yana da tsawo. Shi ya sa idan aka aske su ƙwal, gashin kan ɗauki watanni bai dawo ba, wani lokaci kuma ya dawo wuri-wuri, na ƙasa ya riga na sama fitowa.

Aski da zafi

Mutane da yawa sukan aske kare a lokacin bazara da tunanin zai ji sanyi. Amma jikin kare ba ya huce zafi da gumi kamar na mutum. Ta hanyar haki yake fitar da zafi, sai ɗan gumi a tafin ƙafa. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Salshiyas. Idan aka kwashe gashin sama, rana tana dukan fata kai tsaye, ƙudaje da sauro kuma su sami hanya. Abin da ke sauƙaƙa wa kare mai hawa biyu shi ne a taje mataccen gashin ƙasa don iska ta ratsa, a ba shi inuwa da ruwan sha, a kuma daina ɗaure shi a kan siminti da tsakar rana.

Yanayin Zariya

A Samaru da Sabon Gari da kewayensu, kowane lokaci na shekara da tasa matsalar. A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura tana cika gashi, fata kuma ta bushe, don haka ana yawaita buroshi a rage wanka. A bazara, musamman Maris da Afrilu, zafi ne abin tsoro. A damina, daga Mayu zuwa Oktoba, kaska da ƙuma suna yawaita, kuma gashin da bai bushe ba yakan haifar da gyambo. Da kaka kuwa, ƙarangiya tana maƙalewa a gashin ƙafa da wutsiya da bayan kunne, tsidau kuma ya soki tafin ƙafa.

Kayan aiki

Ana buƙatar buroshi, mataji na ƙarfe, almakashi marar tsinin baki, kilifa, abin yanke farcen kare, hantsaki, auduga, tawul, sabulun wankan kare, da takunkumi ga karen da ke cizo. Kilifar da ake caji ta fi dacewa saboda ɗaukewar wuta. Kilifar mutane takan sarƙe a gashi mai kauri, kuma bai kamata mutum da kare su yi tarayya a kilifa ɗaya ba, domin makero yana yaɗuwa tsakaninsu.

Bakin kilifar kare yana da lamba, kuma gwargwadon girman lambar, gwargwadon gajartar gashin da zai bari:

Lamba 4F: kimanin milimita 9.5
Lamba 5F: kimanin milimita 6
Lamba 7F: kimanin milimita 3
Lamba 10: kimanin milimita 1.5, don ciki da gindin wutsiya
Lamba 40: ƙasa da rabin milimita, likitoci ke amfani da shi kafin tiyata

Yadda ake yi

Taza. Da ita ake farawa, tun kafin wanka, domin ruwa yana ƙara ɗaure cukuikuyayyen gashi. Ana buɗe gashin layi-layi ana tajewa daga fata zuwa waje. Wuraren da suka fi cukuikuyewa su ne bayan kunne, hammata, wuya da cinya. Ƙaramin ƙulli ana warware shi da yatsu daga bakinsa. Wanda ya manne da fata kuwa, da kilifa ake bi ta ƙarƙashinsa. Sa almakashi a nan yana da haɗari, domin ƙullin kan ɗago fata tare da shi a yanke ta.

Wanka. Ana amfani da ruwa mai ɗumi kaɗan, a kiyaye ido da cikin kunne. Fatar kare ta fi ta mutum sirantaka, kuma sinadarinta ya bambanta, don haka sabulun mutane da omo da sabulun soda suna busar da ita su jawo ƙaiƙayi. Sai an ɗauraye kumfa tas, sannan a tsane da tawul a bar shi ya bushe sarai. Ga yawancin karnuka wanka sau ɗaya a wata ya isa, sai dai in likita ya ce a ƙara.

Saisaye. Gashi mai tsabta kuma busasshe ake askewa, domin yashi yana dakushe bakin kilifa. Ana tsayar da kare a wurin da ba ya santsi, wani ya riƙe shi. Ana fara kunna kilifar kusa da shi ya saba da ƙararta. Daga nan a kwantar da bakinta a jikin fata, a bi inda gashi ya kwanta, daga wuya zuwa gadon baya, sai gefuna, sai ƙafafu. Bakin kilifa yana ɗaukar zafi cikin 'yan mintuna, don haka mai aski yakan riƙa taɓa shi a hannunsa, in ya yi zafi ya dakata. Ana yin taka-tsantsan a hammata, matsematsi, nonuwa da gefen kunne, inda fata ke da laushi da ninki. Gashin da ke rufe ido da na tsakanin yatsu ana rage su da almakashi. Dogayen gashin baki ana barin su, domin da su kare ke jin abin da ke kusa da fuskarsa. Idan kare ya firgita ko ya yi ta haki, ana tsayawa a ƙarasa wata rana. Ɗan kwikwiyon da aka saba wa taza tun yana ƙarami ba ya wahalarwa idan ya girma.

Farce da kunne. A cikin farcen kare akwai jijiya mai jini, wadda ake hango ta ja a farin farce amma ba a ganin ta a baƙi. Kaɗan-kaɗan ake yanke tsinin, in jini ya fito a danna garin sitaci a wurin. Farcen gefe wanda ba ya taɓa ƙasa yakan lanƙwashe ya shiga nama idan aka manta da shi. Kunne kuwa bakinsa kaɗai ake gogewa da auduga, ba a zura tsinke ciki.

Ƙwari da cututtukan fata

Kaskar da ta fi addabar karnuka ita ce wadda masana ke kira Rhipicephalus sanguineus. Tana ɓuya a tsagar bango da ɗakin kare, macen tana yin dubban ƙwai, kuma tana yaɗa cututtukan jini irin su babesiyosis da ehlikiyosis, masu sa zazzaɓi da rama da ƙarancin jini. Ana kama ta da hantsaki dab da fata a ja a hankali, ba tare da an matse cikinta ba. Idan ba a yi wa makwancin kare magani ba, za ta dawo.

Ƙudan tumbu, Cordylobia anthropophaga, yana yin ƙwai a ƙasa mai inuwa da fitsari ko kashi ya ɓata. Tsutsarsa tana huda fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, kuma 'yan kwikwiyo ta fi kamawa. Akan shafa basilin a toshe ramin, ta rasa iska ta leƙo, sannan a matso ta. Ƙazwa da makero suna zubar da gashi, kuma makero da wani nau'in ƙazwa suna kama mutum.

Shafa wa kare baƙin mai, kananzir, ko maganin ƙwari irin otapiyapiya yana iya kashe shi, domin gubar tana ratsa fata, kuma kare yana lasar jikinsa. Maganin kaska mai ɗauke da sinadarin famitirin, wanda ake sa wa karnuka, guba ne ga kyanwa.

Kariya ga mai gyara

Cizo shi ne babban haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan kashi 99 cikin 100 na mutanen da ke kamuwa da ciwon haukan kare daga kare suke ɗaukarsa, kuma da zarar alamunsa sun bayyana kusan babu mai tsira. Ana fara yi wa kare allurar rigakafi yana ɗan wata uku, a riƙa sabuntawa. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan allura, kuma ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar ta duniya. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, sai ya wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, ya tafi asibiti nan take.

Addini da al'ada

Yawancin Hausawa ba sa shigar da kare ɗaki, kuma da yawa suna ƙyamar taɓa shi. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a Afirka ta Yamma, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sha ruwa a ciki sau bakwai. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ɗaukarsa najasa, Hanafiyya kuma ta ce yawunsa ne najasa ban da gashinsa. Malamai sun halatta riƙon kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma sun ɗora wa mai shi nauyin ciyar da shi da kare shi daga cuta.

Lokacin zuwa wurin likita

Akwai abubuwan da suka fi ƙarfin gyaran gida: gashin da ya cukuikuye ya rufe jiki duka, gyambo mai ruwa, zubar gashi wuri-wuri, kunne mai wari, dasashi da ya yi fari, ko karen da ba ya taɓuwa sai an yi masa allurar barci. A Zariya, Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, jami'ar da aka kafa a 1962, tana da asibitin koyarwa na dabbobi a harabarta ta Samaru, inda ake duba karnuka da yi musu rigakafi.