Kaburburan Waliyyan Madarunfa

Mai ziyarar manyan birane ya saba neman tarihi a ganuwa ko hasumiya, kamar Gobarau ta Katsina. A Madarunfa kuwa, kudu da Maraɗi, tarihin a ƙasa yake kwance. Kewaye da tafkin garin akwai kaburbura waɗanda tarihin baka ya ce na waliyyai 99 ne, jama'a kuma na ziyartarsu don neman tubarraki. A shekarar 2006 Nijar ta sanya tafkin da dajin da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Sai dai labarin waliyyan yana bakin dattawa ne. In malamai da ƙungiyoyin al'adu ba su rubuta shi ba, na baya za su gaji kaburbura ba tare da labarin masu su ba.