Ƙwayar zarra: Tubalin da aka gina dutse, ruwa da taki da shi

Ƙwayar zarra ita ce mafi ƙanƙantar ɓangare na kowane sinadari da ke riƙe da ɗabi'ar wannan sinadarin. Da ita aka gina duk abin da ido ke gani ko hannu ke taɓawa: duwatsun da suka kewaye Dutsin-Ma da Kurfi, ruwan Dam ɗin Zobe, iskar da ake shaƙa, har da buhun takin da ɗan kasuwa ke saukewa a shagonsa. Ƙanƙantarta ta kai idan aka jera guda miliyan goma a layi ɗaya, tsawonsu bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba.

Abin da ke cikinta

Zarra tana da cibiya a tsakiyarta, wadda ta ƙunshi furoton da niyutiron. A kewayen cibiyar akwai elektaron. Furoton da elektaron suna ɗauke da cajin lantarki masu kishiyantar juna, shi ya sa suke jan juna. Niyutiron kuwa ba ya da caji. Kusan duk nauyin zarra a cibiyar yake, duk da ƙanƙantarta. Da za a faɗaɗa zarra ta kai girman filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar gero a tsakiyar fili ba.

Adadin furoton shi ke tantance kowane sinadari. Mai furoton ɗaya shi ne haidirojin, mai shida kabon, mai bakwai naitirojin, mai takwas oksijin, mai 79 kuma zinare. Zuwa yau an san sinadarai 118. Kimanin 90 daga cikinsu ake samu a ƙasa, ruwa da iska, ragowar kuwa masana ne suka samar da su a ɗakunan bincike.

Yadda aka gano ta

Wani masani Bagirke, Dimokiritas, ya yi hasashenta shekara 400 da ɗoriya kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Baturen Ingila John Dalton ne ya kafa mata hujja ta awo a 1808. A 1869 Dmitri Mendeleev na Rasha ya tsara jadawalin sinadarai, wanda ɗaliban kimiyya ke karantawa har yau a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. J.J. Thomson ya gano elektaron a 1897, Ernest Rutherford ya gano cibiya a 1911, sai James Chadwick da ya gano niyutiron a 1932.

Yadda zarra ke haɗuwa

Zarra kan haɗu da 'yar uwarta ta hanyar ba da elektaron, ko karɓa, ko tarayya a kansa. Abin da haɗin ya haifar yakan sha bamban da iyayensa. Ruwa haɗin haidirojin biyu ne da oksijin ɗaya. Na farko yana cin wuta, na biyu yana rura ta, amma da haɗinsu ake kashe gobara. Gishirin miya haɗin sodiyam ne, wani ƙarfe mai kamawa da wuta a cikin ruwa, da kilorin, iska mai guba wadda ake sa kaɗan daga cikinta don tsaftace ruwan famfo. Mafi yawan jikin duwatsun yankin da rairayin rafukansa silikon ne da oksijin.

Jerin da zarra ta yi ma yana da tasiri. Gawayi da daimon duk kabon ne, tsarin zamansu kawai ya bambanta. Haka ƙanƙara da ruwa da tururi abu ɗaya ne: zafi ne ke ƙara wa ƙwayoyin motsi har su rabu da juna.

Darasin da ke jikin buhun taki

Haruffan NPK suna nufin naitirojin, fosfaras da fotashiyam, sinadarai uku da shuka ta fi bukata. Lambobin da ke biye da su kaso ne cikin ɗari na nauyin buhun. Buhu mai kilo 50 na NPK 15-15-15 yana ɗauke da kilo bakwai da rabi na naitirojin. Fosfaras da fotashiyam kuwa ana auna su ne haɗe da oksijin. Yuriya tana da kashi 46 cikin ɗari, wato kilo 23 a kowane buhu.

Kashi 78 cikin ɗari na iska naitirojin ne, amma masara da dawa ba sa iya cin sa kai tsaye, domin zarrarsa a ɗaure take bibbiyu da ɗauri mai ƙarfi. Bajamushe Fritz Haber ne ya gano hanyar haɗa shi da haidirojin a 1909, kuma a kan wannan hanya masana'antun yuriya na Indorama a Jihar Ribas da na Dangote a Legas suke aiki. Wake da gyaɗa da waken suya suna samun nasu ta hanyar wasu ƙananan halittu da ke zaune a saiwoyinsu. Wannan ne sirrin tsohuwar al'adar manoman Kurfi da Dutsin-Ma ta shuka wake a tsakanin gero da dawa.

A nan ne gurɓataccen taki ke cutar da manomi. Yashi ba ya da naitirojin, kuma babu launi ko sabon buhu da zai sa masa shi. Wanda ya sayi buhun da aka cakuɗa rabinsa da yashi ya biya kuɗin kilo 23 ya tafi da rabinsu, ba kuwa zai gane ba sai ganye ya fara yin ɗorawa, lokacin da damina ta riga ta yi nisa. Dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta haramta irin wannan algus.

Zinare da dalma

Zinare tsantsa shi ne karat 24. Karat 21 yana da kashi 87.5 cikin ɗari, karat 18 kuma kashi 75, sauran jan ƙarfe ne ko azurfa. Jan ƙarfe furoton 29 gare shi, kuma babu wuta, ruwan magani ko turare da zai mayar da su 79. Duk wanda ya yi iƙirarin yana dafa ƙarfe ya koma zinare, damfara ce ya zo da ita.

Wannan dawwama ta zarra tana da nata hatsarin. Dalma, mai furoton 82, ba ta ruɓewa. A 2010, ƙurar duwatsun zinare masu ɗauke da ita da ake niƙawa a cikin gidaje ta yi sanadin mutuwar yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Ba a shawo kan matsalar a ƙauyukan ba sai da aka kwashe ƙasar saman gidajen aka zuba sabuwa.

Cibiyar zarra ba ta sauyawa sai a irin abin da ake kira aikin nukiliya, kamar tsagewar yuraniyom da ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar. Nijeriya tana da ƙaramar na'urar bincike irin wannan a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004, kuma daga cikin ayyukanta akwai tantance sinadaran da ke cikin samfurin ƙasa, ma'adinai da abinci.