Littafin Haraji da Mai Dubawa: Yadda Aka Adana Bayanai a Ƙasar Kabo da Gwarzo

Bankuna da manyan kamfanoni a yau suna adana bayanansu hawa-hawa. Abin da ake nema kullum yana kan na'ura mai sauri da tsada, na bara yana kan wata mai matsakaicin sauri, wanda ya daɗe kuma a tura shi ma'ajiya mai araha, har da kaset. Manhajar da ke wannan jigila tana da kundi da take rubuta duk abin da ya faru: wa ya buɗe fayil, yaushe aka kwashe shi daga wannan hawa zuwa wancan, wane faifai ne ya fara ciwo. Mutum zai ɗauka wannan hikimar jiya ce, alhali ƙauyukan yammacin Kano sun zauna a ƙarƙashin irinta tsawon shekaru, da takarda da tawada. Tarihinsu yana nuna abu guda: ƙarfin bayani yana ga wanda aka ɗora wa duba shi a kai a kai, kuma yake da ikon tambayar dalili.

Rubutu ya riga Turawa zuwa ƙasar Kano da ɗaruruwan shekaru. Sarakuna suna aika wasiƙu da hatimi, malamai suna lissafin gado, amma harajin karkara ya fi dogara ga jakadu da abin da suka riƙe a ka. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, a zamanin Sarki Abbas, aka harhaɗa ƙauyuka gunduma-gunduma, aka tura hakimai su bar birni su zauna cikin talakawansu. A 1909 aka kafa Baitulmali, aka kuma fara awon gonaki da taki a gundumomin da ke kusa da birni. Daga nan takarda ta shiga kowane lungu. A garuruwa irin su Garo da Durun da Getso da Lakwaya, mai unguwa shi ya san kowane magidanci da balagaggun gidansa, dagaci yana da malamin da ke jera sunayen, ana yanka rasit a ba mai biya, kwafinsa ya zauna a littafi. Wannan shi ne hawa na kusa, wanda ake buɗewa kullum lokacin karɓar haraji da jangali. Jimilla da littattafan shekarun baya suna ofishin hakimi, cikin akwatin ƙarfe saboda gara. Abin da ya wuce nan sai Kano, wajen Ma'aji da ofishin Razdan. Bayan Kenneth Dike ya assasa gidan adana takardun tarihi na ƙasa a 1954, tsofaffin fayilolin lardin Kano suka sami masauki a reshensa na Kaduna, inda masu bincike ke neman su har yau.

Abin da ya riƙe waɗannan hawa shi ne rangadi. Joji ko Di'o zai sauka a bariki, a shimfiɗa masa littattafai, ya gwama adadin mazan bana da na bara, ya ƙirga kwafin rasit ya auna da kuɗin da suka isa Baitulmali. In ƙauye ya ragu da magidanta da yawa a shekara ɗaya, dole dagaci ya faɗi ko annoba ce, ko ƙaura, ko ɓoyo. Haka littafin alkali: kwanan wata, sunan mai ƙara da wanda ake ƙara, shaidu, hukunci, da kuɗin ushira. Darajar irin wannan rubutu ta fito fili da Allan Christelow ya fitar da littafi a 1994 daga shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914, waɗanda aka rubuta da Larabci. A cikinsu ana ganin rigingimun gona, da kisan kai, da bayi masu neman 'yanci, ƙara bayan ƙara.

Mai suka zai ce duk wannan kayan aikin danniya ne, kuma yana da hujja. An ƙirƙiro littafin haraji ne don kada kowa ya kuɓuce, an ɗaure mutane an shanya su a rana saboda shi, 'yan NEPU sun yi shekaru suna yaƙi da shi, kuma da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979 talakawa murna suka yi. Sai dai zaluncin yana cikin abin da aka karɓa da yadda aka karɓa. Rasit ɗin nan kuwa shi ne garkuwar manomi ranar da aka dawo masa da neman biya na biyu, kuma da littafin ne ake kama dagacin da ya ci kuɗi a tuɓe shi. Laifin tsarin shi ne mai dubawa yana kare aljihun hukuma ne kawai. Da haraji ya tafi, dalilin sabunta jerin magidanta duk shekara ya tafi tare da shi, ba a kuwa kawo wani dalilin a madadinsa ba.

Wani zai ce littattafan cike suke da ƙarya: ana ɓoye samari, makiyaya suna kora shanu daji kafin masu ƙirgar jangali su iso. Hakan ya faru. Amma ƙarya a littafi ɗaya tana da sauƙi, a littattafai uku da ke hannun mutane uku tana da wuya, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. Masu kula da manyan ma'ajiyun kwamfuta sun isa ga wannan dabara: suna aika kwafin kundin aukuwa zuwa wata na'ura dabam, inda wanda ya yi ɓarna ba zai iya goge sawunsa ba.

Suka ta uku ita ce ta zamani, wato cewa kwamfuta ta raba mu da wahalar dubawa tunda ba ta mantuwa. Gaskiya na'ura tana rubuta komai, kuma nan matsalar take, don gargaɗin cewa faifai ya kusa mutuwa, ko wani ya shiga fayil ɗin albashi da tsakar dare, yana iya nutsewa cikin dubban layuka. Sauye-sauyen hukuma ma suna ƙara haɗarin. An rushe En'e a garambawul ɗin 1976, a 2019 aka sa Kabo da Gwarzo a Masarautar Karaye, a 2024 aka soke dokar da ta yi hakan. Kowace kwasar takardu daga hannu zuwa hannu dama ce ta ɓata, in ba a rubuta abin da aka miƙa da wanda ya karɓa ba.

Saboda haka ƙaramar hukumar da ke shirin mayar da takardun fili ko na albashi cikin kwamfuta, kafin ta sayi na'ura ya kamata ta amsa tambayoyi uku da tsohon tsari ya amsa: wa zai karanta kundin, sau nawa a wata, kuma wa zai kai wa rahoto in ya ga giɓi. Ta kuma gyara abin da wancan tsari ya kasa, ta ba mai gona da ma'aikaci ikon ganin abin da aka rubuta a kansu da wanda ya taɓa shi.