Shukar Kaka a Lambunan Azbin

Kalmar kaka a bakin Bahaushen Kano ko Katsina tana nufin lokacin girbi, sa'ad da ake ɗaure dammunan gero ana kai su rumbu. Malaman makaranta sun saba fassara ta da sunan wani lokaci na shekarar Turai, amma wannan daidaitawa ta ƙamus ce kawai. In aka nufi arewa, aka wuce Damargu, aka shiga duwatsun Azbin, sai a tarar kalmar ta sake kaya, gama a can kaka ita ce lokacin shuka.

Dalilin wannan kuwa ruwa ne da sanyi. Ruwan da a ke samu a Agadas a yawancin shekaru ba ya kai inci 8, kuma tsakanin Yuli da Satumba ya ke zuba. Bai isa a yi noman damina ba. Amma in ya sauka bisa duwatsu sai ya gangaro cikin ƙoramu, kamar ta Telwa, ya nutse cikin rairayi. To, da Oktoba ta kama, rijiyoyin bakin ƙorama sun cika, zafin rana ya karye. Alkama ba ta son zafi, saboda haka a wannan tsakani ne a ke shuka ta, ta sha hunturu, a yanke ta kafin bazara ta tsananta. Sunanta ma ya nuna inda ta fito: alkama da albasa da rumman duk kalmomin Larabci ne, biyu na farko har da "al" ɗinsu suka shigo Hausa.

Shaidar farko mai ƙarfi daga Bature ita ce ta Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. A cikin Oktoba 1850, yana kan hanyarsa ta zuwa Agadas, ya bi ta kwarin Auderas, ya ga bayi uku an ɗaura musu garma suna ja kamar shanu. A ganinsa nan ne iyakar inda garmar ja ta kai wajen kudu. Masu karanta Barth sun fi tsayawa a kan wahalar bayin, kuma ta isa a tsaya. Sai dai a lura da watan da ya ga ana gyaran ƙasar, watau daidai lokacin da manomin Kano ya ke ajiye fartanya.

Aikin lambu a can ba ya ƙarewa da shuka. Ana kewaye shi da ƙaya saboda awaki, har kalmar Buzaye, afarag, tana ɗauke da ma'anar shinge da ta lambu gaba ɗaya. A raba ƙasa fangali-fangali, a zuba taki, sa'an nan a sa sā ko raƙumi ya riƙa jan wasaki daga rijiya, ruwa ya bi ƴan hanyoyi zuwa kowane fangali. Wannan na'ura ita ce su ke kira tekarkart. A watan nan kuma ayarin gishiri ke tashi zuwa Fachi da Bilma. Gida ɗaya sai ya kasu: wasu maza sun bi raƙuma, mata na kiwon awaki, wani ya tsaya bakin rijiya. Gerd Spittler, Bajamushen da ya zauna da Kel Ewey na Timia, ya nuna yadda sana'o'in nan uku ke tallafar juna a shekarun fari.

Lambu ba ya jure rashin mai shi ko na ƴan makonni. Da Kawusan ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, ramuwar da ta biyo baya ta watsa mutanen duwatsun. Francis Rodd, da ya zaga ƙasar a 1922, ya iske ƙauyuka da yawa kufai. Daga baya aka koma aka sake haƙa rijiyoyi, kuma farin 1973 da na 1984, da suka kashe dabbobi, sun tura makiyaya da yawa cikin aikin lambu.

Tun daga ƙarshen ƙarni na 20 injin ban-ruwa ya maye gurbin sā a lambuna da dama. Albasar Tabelot da dankalin Turawa na dutsen Bagzan, mai tsawon fiye da ƙafa 6,000, sun zama kayan kasuwa, har manyan motoci na kai albasar Ghana da Abijan. Inji yana jan ruwa fiye da sā, rairayin ƙorama kuwa abin da damina ta ba shi kaɗai ya ke riƙewa. Wata shekarar ma ruwan yawa ya ke yi, kamar a Satumba 2009, da Telwa ta ɓalle ta ci gidaje da lambuna a Agadas ana gab da shuka.