Jakar iskar Takata da motocin Kwatano

A 2008 Honda ta fara kiran motoci kimanin 4,000 domin a sauya musu jakar iskar da ke cikin sitiyari. Kamfanin Takata na Japan ne ya ƙera ta, kuma sinadarin da ke hura ta amoniyam naitiret ne, irin na takin zamani. Shekaru cikin zafi da danshi sukan gurɓata shi; ranar karo sai ya tarwatsa gwangwaninsa, ɓarɓashin ƙarfe ya soki direba. Fiye da mutum 30 suka rasu, kiran ya kai jaka kusan miliyan 100 a duniya, Takata ya karye a 2017.

To, wasiƙar kiran mai rajista a can take nema. Tsohuwar Accord ko Corolla da ta biyo ta Kwatano, yau take jigilar fasinja tsakanin Kauran Namoda, Zurmi da Shinkafi, wa zai aiko wa direbanta? Ga zafin bazara, ga danshin damina. In motarka daga Amurka take, duba lambar shasi a ƙasan gilashin gaba, ka shigar da ita a shafin hukumar NHTSA, ka ga ko kiran yana kanta.