Daga Rumbu Zuwa Tarakta: Tsohon Yaƙin Manomi da Ɓera

A arewacin Amurka da Turai, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni, mai ƙaramar taraktar lambu yakan kulle ta a sito tun ƙarshen kaka, ba ya sake tada ta sai sanyi ya wuce. Ranar da ya ɗaga murfin injin, sau da yawa yakan tarar da sheƙar ɓera cunkushe a akwatin tace iska, wayoyi a gaigaye, soson kujera a yayyage. In ya tada injin a haka zafi zai yi, busasshiyar ciyawar sheƙar ma tana iya kama wuta. Ba yunwa ke sa ɓera cin waya ba. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, dole ya riƙa goga su, kuma kafar da fensir zai shige ta ishe shi ƙofa. A ganina, tarihin wannan yaƙi ya nuna cewa wanda ya tsare ƙofa ya fi wanda ya dogara da kisa samun kwanciyar hankali.

Kakannin manoman nan sun san haka. A kudancin Ingila sukan ɗora rumbun hatsi bisa sassaƙaƙƙun duwatsu, kowanne da faffaɗan dutse kife a kansa, ɓera ya hau ya hau, ya zo ƙarƙashinsa ya rasa ta inda zai bi. A Galisiya da Asturiyas ta ƙasar Sifaniya irin waɗannan rumbuna suna tsaye har yau, kuma manomin Hausa da ke ɗora rumbunsa bisa duwatsu ya share gindinsa ba zai yi mamakin dabarar ba. Sai zamani ya juya. A 1954 yawan taraktoci a gonakin Amurka ya zarce na dawaki da alfadarai, amma ɓera bai yi ƙaura ba. Hatsi kowa ya san abincin ɓera ne, shi ya sa aka tsare shi; ƙarfe kuwa ba wanda ya ɗauke shi abin tsarewa, sai aka ajiye shi a ƙasa, kusa da buhun irin ciyawa da tsabar tsuntsaye. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wani zai ce ai kimiyya ta sauƙaƙa aikin, ga tarko ga guba. Gaskiya ne a 1894 William Hooker na jihar Illinois ya yi rajistar tarkon katako mai ɗanewa, kuma har yanzu yana aiki, muddin akwai mai zagayawa ya duba shi. Gubar ce ta yi alkawarin da ta kasa cikawa. A Jami'ar Wisconsin, Karl Paul Link da ɗalibansa sun bi diddigin ruɓaɓɓiyar harawar da ke sa shanu zubar jini har su mutu, daga binciken nan aka fito da gubar warfarin a 1948. Shekara goma kacal, a 1958, aka samu ɓerayen da ba ta kashewa a Skotland. Aka haɗa masu ƙarfi a shekarun 1970, su kuma suka riƙa taruwa a hantar mujiya da shaho, wato masu cin ɓeran ke nan aka kashe. Banda haka, ɓeran da ya ci guba yakan koma sheƙarsa ya mutu, cikin injin da ake son karewa.

Akwai mai cewa kuma tarakta ba rumbu ba ce da za a ɗora bisa duwatsu. Haka ne, amma ka'idar ba ta canza ba. A kakkaɓe ciyawar da ta maƙale a ƙarƙashinta, a kwashe duk abin ci zuwa durom ɗin ƙarfe mai murfi, a cusa soson ƙarfe a bakin salansa da kafofin bango, a bar murfin injin a ɗage domin ɓera duhu da ɗumi yake nema. Kafur da man na'a-na'a da ake yayatawa ƙamshinsu gushewa yake yi tun sanyi bai raba ba. Batun ma ya wuce asarar waya. A 1993, a kudu maso yammacin Amurka, wata cutar huhu ta kashe matasa masu ƙoshin lafiya, aka gano ƙwayar cuta ce mai suna hantavirus da ke cikin fitsari da kashin wani ɓeran daji. Tun lokacin hukumomin lafiya ke gargaɗin kada a share kashin ɓera a bushe: a buɗe sito ya sha iska, a jiƙa wurin da ruwan bilic, sannan a goge da safar hannu.