Mathias Boe: Tarihin Ɗan Wasan Badminton na Ƙasar Danmak

Mathias Boe tsohon ɗan wasan badminton ne, kuma tsohon mai horarwa, ɗan ƙasar Danmak da ke arewacin Turai. An haife shi ranar 11 ga Yuli, 1980, a garin Frederikssund. Ya yi fice a wasan 'yan bibbiyu na maza, inda shi da abokin wasansa Carsten Mogensen suka shafe kusan shekara 15 suna gwabzawa da zaratan Asiya. Sun ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta 2012, sun ɗauki kofin All England sau biyu. Bayan ya yi ritaya, ya kai iliminsa Indiya, ya horar da 'yan wasan da suka hau matsayi na ɗaya a duniya.

Fagen da ya taso

Ana buga badminton da raket da wata 'yar ƙwallo mai gashin tsuntsu 16, wadda nauyinta kimanin giram 5 ne. Filin 'yan bibbiyu yana da tsawon mita 13.4 da faɗin mita 6.1, raga ta raba shi biyu. Tun daga 2006, maki 21 ake nema a kowane turmi, wanda ya ci turmi biyu shi ya yi nasara.

Ƙasashen Asiya, musamman Sin da Indunusiya da Malesiya da Koriya ta Kudu, su ne suka mamaye wasan. A Turai kuwa, Danmak ce ta daɗe tana ja da su, duk da cewa mutanenta ba su wuce kusan miliyan 6 ba. Tana cikin ƙasashen da suka kafa hukumar badminton ta duniya a 1934. Tsananin sanyi ya sa wasannin cikin ɗaki suka samu karɓuwa, har ƙananan garuruwa suna da ƙungiyoyinsu, waɗanda suka yi fice kuma a tattara su a cibiyar horarwa ta ƙasa da ke Brøndby, kusa da babban birnin ƙasar, Copenhagen. Boe yana matashi ɗan ƙasarsu Poul-Erik Høyer Larsen ya ci zinare a Olamfik ta 1996 a Atlanta.

Haɗuwa da Mogensen

Boe ya yi wasa da abokai daban-daban kafin a haɗa shi da Mogensen, wanda Boe ya girme shi da shekara uku. Haɗin ya dace matuƙa. Boe bahago ne, Mogensen kuma da dama yake bugu, abin da ke rikita abokan karawa, domin kusurwar da suka saba ɗauka a matsayin ɓangaren rauni sai ta zama ta ƙarfi idan biyun suka sauya wuri. Galibi Boe ne ke tsare gaban raga, yana karanta inda ƙwallo za ta bi yana tare ta tun ba ta sauko ba. Mogensen kuma yana baya yana sauke bugu mai ƙarfi. Sun fi dogara da bugun farko da mayar da shi, inda sau da yawa ake yanke makomar maki kafin wasa ya yi nisa. Wannan dabara ita ta ba su damar karawa da matasan da suka fi su zafin nama.

Sai da suka fara shan wuya a hannun 'yan gida. A gasar Turai ta 2006 sun kai wasan ƙarshe, amma Jens Eriksen da Martin Lundgaard Hansen suka doke su. A 2010 ma Lars Paaske da Jonas Rasmussen suka hana su kofin All England da na Turai.

Shekarun ganiya

A watan Nuwamba na 2010 suka hau matsayi na ɗaya a duniya. A Maris na 2011, a birnin Birmingham na Ingila, suka doke Koo Kien Keat da Tan Boon Heong na Malesiya, suka ɗauki kofin All England, gasar da aka fara tun 1899. Sun kuma lashe gasar rufe kaka ta zakaru sau uku a jere: ta 2010 da 2011 da 2012.

A 2012 suka zama zakarun Turai a Karlskrona ta ƙasar Suwidin, sannan suka nufi Olamfik a Landan. A wasan kusa da na ƙarshe sun fitar da Jung Jae-sung da Lee Yong-dae na Koriya ta Kudu bayan an kai turmi na uku. A wasan ƙarshe kuwa Cai Yun da Fu Haifeng na Sin suka fi ƙarfinsu da ci 21–16 da 21–15.

Kambun duniya shi ma ya gagare su. A 2013 a Guangzhou, Mohammad Ahsan da Hendra Setiawan na Indunusiya suka bar su da azurfa, a 2014 kuma suka samu tagulla a gida, a Copenhagen. Shekarar 2015 ta zo musu da kyau: sun sake cin All England, a lokacin Boe yana da shekara 34, suka ƙara da zinare a wasannin Turai na farko a Baku.

Jarrabawar 2016

A Fabrairun 2016, ana tsakiyar gasa a birnin Kazan na Rasha, Mogensen ya gamu da matsalar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, aka yi masa tiyata ta gaggawa. Yana jinya Danmak ta tafi gasar kofin Thomas, ta tawagogin maza na ƙasashe, a Kunshan ta ƙasar Sin, Boe yana cikin tawagar. Sun doke Indunusiya da ci 3–2, Danmak ta zama ƙasar Turai ta farko da ta ɗaga kofin, bayan ta sha kaye a wasan ƙarshe har sau takwas.

Cikin 'yan watanni Mogensen ya dawo fili. An fitar da su tun a rukuni a Olamfik ta Rio, amma a Oktoba suka lashe gasar Faransa, a 2017 kuma suka ci ta Singafo tare da kambun Turai na biyu a Kolding. Sun rabu a 2019. Boe ya ɗan yi wasa da Mads Conrad-Petersen, suka ci gasar Kanada da ta Rasha, sannan ya sanar da ritayarsa a Afrilun 2020.

Aikin horarwa a Indiya

A 2021 Boe ya karɓi horar da Satwiksairaj Rankireddy da Chirag Shetty, waɗanda tsarinsu ya yi kama da nasa da Mogensen: Chirag a gaba, Satwik a baya da bugu mai tsanani. A Olamfik ta Tokyo sun doke Lee Yang da Wang Chi-lin na Taiwan, waɗanda daga baya suka ci zinare, amma lissafin rukuni ya fitar da su.

A 2022 Indiya ta ɗauki kofin Thomas karo na farko, ta lallasa Indunusiya 3–0 a Bangkok. A shekarar ce kuma 'yan wasan biyu suka ci zinare a wasannin ƙasashen rainon Ingila da tagulla a gasar duniya. A 2023 suka zama zakarun Asiya, suka ci zinare a wasannin Asiya a Hangzhou, suka hau matsayi na ɗaya a duniya. A Olamfik ta Paris a 2024, Aaron Chia da Soh Wooi Yik na Malesiya suka fitar da su a zagayen 'yan takwas, daga nan Boe ya ce ya ajiye aikin horarwa.

Iyali

Masu kallon fina-finan Indiya sun san matarsa, jaruma Taapsee Pannu, wadda ta fito a Pink tare da Amitabh Bachchan a 2016, da Dunki tare da Shah Rukh Khan a 2023. An yi bikin aurensu a birnin Udaipur a watan Maris na 2024.